Alamar Ɗebewa a Lissafin Lantarki Ba Kuskure Ba Ce

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu, ka kuma yi haƙuri da ni, don maganar tana da ɗan tsawo, ga lissafi a cikinta. Shekara 31 na yi ina koyar da fiziks a makarantun sakandare kafin in ajiye aiki. Yanzu ina zaune a Zariya, bayan la'asar kuma yaran unguwa masu shirin jarrabawar fita sukan taru a zaurena mu yi bita. Abin da ya sa na ɗauki biro a wannan zauren ya faru, makonni kaɗan da suka wuce.

Wani tsohon ɗalibina ne ya yi sallama, hankalinsa a tashe. Yaro ne mai ƙoƙari, ya ci fiziks da sakamako mai kyau a lokacinsa, yanzu kuma sana'arsa haɗa wa mutane sola. Wani mai shagon lemo da ruwan sanyi ya kira shi, ya ce batirinsa guda ɗaya ba ya kai masa firiza har asuba. Ya ba shi kuɗi ya sayo sabo, ya ce a haɗa da tsohon don ƙarfin ya ninka. Yaron ya haɗa su yadda aka saba, ja da ja, baƙi da baƙi. Ba a rufa wata guda ba mai shago ya fara ƙorafi: wuta ba ta ƙaru yadda ya zata ba, sabon batirin ma kullum da safe a kwance ake samunsa. Ya ce jabu aka sayo masa, a fito masa da kuɗinsa.

Na ce, "Ka auna su kafin ka haɗa?" Ya ce ya auna, har ya rubuta a bayan rasit: sabon 12.6, tsohon 12.0. A ganinsa wannan ba wani bambanci ba ne, tunda duka biyun bolt 12 aka rubuta a jikinsu. Na miƙa masa alli na ce ya zana mini abin da ya haɗa a allon da ke jingine da bango. Ya zana akwati biyu da wayoyi. Na ce ba hoton batir nake so ba, da'irar nake so, irin wadda muke zanawa a aji, kada kuma ya manta kowane batir yana da tasa turjiyar a cikin cikinsa, wato abin da ke yi wa wuta gardama in za ta wuce. Ya yi shiru yana juya allin a hannu, can ya ce, "Malam, wannan ai na jarrabawa ne."

Wannan magana ta fi zancen batirin damuna, zan kuma dawo kanta. Bari dai in fara nuna wa mai karatu abin da allon ya nuna mana.

Muka ba sabon batirin turjiyar om 0.02, tsohon kuma 0.04, saboda batir in ya tsufa turjiyarsa hawa take yi. Don sauƙin lissafi na zaɓi waɗannan lambobi. Ta manyan batura takan gaza haka, in kuwa ta gaza, matsalar ƙaruwa take yi. To, tun ba a kunna ko ƙwan fitila ba, akwai tazarar bolt 0.6 tsakanin baturan biyu, hanyar da ke tsakaninsu kuma turjiyarta 0.06 ce kacal. Ka raba 0.6 da 0.06, ka sami amfiya 10, ma'aunin yawan wutar da ke gudana ke nan. Wato shago a rufe, firiza a kashe, amma amfiya 10 suna fita daga sabon batir suna shiga tsohon.

Sai na ce mu kunna kayan shagon, a ce suna jan amfiya 20. Na sa shi ya zana kibiya a kan kowane batir tana nuna waje, kamar dai kowanne yana ba da nasa kason. Abu biyu kawai muke da su. Na farko, duk wutar da ta shiga mahaɗar wayoyi ita ce za ta fita, don haka kason sabo da kason tsoho in aka tara dole su ba da 20. Na biyu, tunda bakunansu a ɗaure suke da juna, boltej ɗin da ke kansu, wato ƙarfin da ke tura wutar, ɗaya ne. Ya zauna a tabarma ya yi lissafinsa, hannunsa bai manta ba. Boltej ya fito 12.13. Kason sabon batir amfiya 23.3. Kason tsohon kuwa ya fito 3.3, da alamar ɗebewa a gabansa.

Yana ganin alamar ya ce, "Na yi kuskure, Malam," ya sa babban yatsa zai goge. Na riƙe masa hannu. Na ce ya tara su ya gani. 23.3 a ɗebe 3.3, saura 20, daidai da abin da shago ke ja. Babu kuskure ko ɗaya. Alamar tana gaya masa ne cewa kibiyar da ya zana a kan tsohon batir ta juya baya: batirin ba bayarwa yake ba, karɓa yake. Sabon ne ke ɗauke da shagon gaba ɗaya, ga kuma tsohon a goye. Muka ƙara layi ɗaya muka gano cewa sai nauyin shagon ya haura amfiya 30 kafin tsohon ya fara tsinana komai. Da a ce lafiyarsa ƙalau, caji kawai ya rasa, da bayan ɗan lokaci sun daidaita, zagayen ya lafa. Amma batirin da ya shekara uku yana aiki har ya daina riƙe caji kamar randa ce mai tsaga, duk abin da aka zuba mata yoyewa yake yi.

Ya daɗe yana kallon allon. Sannan ya ce, "Ashe Kirchhoff ne." Na ce shi ne. Waɗannan dokoki biyu Gustav Kirchhoff ya fitar da su a 1845, yana ɗalibi ɗan shekara 21 a jami'ar Königsberg, bai kai shekarun wannan yaron da ke zaune a gabana ba. Washegari yaron ya je ya raba baturan, ya bar wa tsohon fitilu kawai, ya yi wa mai shago bayani, rigima ta mutu.

Malam Edita, ga abin da nake so in faɗa. Wannan yaro ya san dokar, ya iya lissafin, yana da mita a jakarsa, kullum yana cikin wayoyi. Amma a ransa akwai katanga tsakanin fiziks na takarda da wutar da yake taɓawa, bai taɓa zaton akwai ƙofa a tsakani ba. Mu malamai muka gina wannan katanga, ni ma da hannuna a ciki. Shekaruna goma na farko a aji, fomula nake rubutawa a saman allo, in yi misali biyu, in ba da aikin gida goma masu kama da misalin, lambobi kawai na sauya. Yara suna ci, iyaye suna godiya, shugaban makaranta yana yabo. Amma da zarar tambaya ta sauya kama, a ce an juya batir ɗaya, ko an gitta wata turjiya a tsakiyar da'ira ta zama gada, ko an ce a nemo abin da zai faru in waya ɗaya ta tsinke, sai aji ya yi tsit. Ba sa neman fahimtar abin da ke gudana a cikin wayar, lalube suke a ƙwaƙwalwa ko akwai fomular da ta yi kama da wannan hoto.

A wata makaranta da na yi aiki, kayan gwaji suna kulle a kabad shekara guda cur, sai saura mako ɗaya jarrabawar gwaji a fito da su, a kakkaɓe ƙura, a tarar rabin baturan sun zube, makullan da'ira sun yi tsatsa. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuwa haka muke yi kowace shekara. Yaron da bai taɓa ganin allurar mita ta koma baya don ya juya wayoyi ba, ta ina zai yarda cewa alamar ɗebewa tana da ma'ana?

Tambaya mai wuya a lantarki ba yawan fomula take buƙata ba. Abin da na koya a ƙarshe, nake kuma koya wa yaran zaurena, shi ne a ajiye kalkuleta tukuna. A sake zana da'irar da hannu, a miƙar da wayoyin da mai tambaya ya lanƙwasa da gangan don ya rikita ido, a sa ɗigo a kowace mahaɗa. Sau da yawa a nan kaɗai rabin wuyar ke tafiya, don za ka ga turjiya biyun da suka yi kamar suna jere ashe kafaɗa da kafaɗa suke. Sannan a zaɓi inda ake zaton wuta ta nufa, ba tare da tsoro ba, tunda lissafin da kansa zai gyara zaton in ya kauce. In amsa ta fito kuma ba a tashi. A tambaye ta: in na mai da wannan turjiya sifili, amsar nan ta yi abin da hankali zai ɗauka? In na cire ta ɗungurungum fa? Ƙarfin da batura suka bayar ya yi daidai da wanda turjiyoyi suka cinye? Yaron da ya saba da wannan ba ya jiran malami ya ce masa ya yi daidai.

A ɓangaren maganaɗisu abin ya fi tsanani, don shi ba a ganinsa ko kaɗan, littafi kuma cike yake da ɗigo da gicciye da yatsun hannun dama da na hagu. Yara suna haddace dokar yatsu har ka ga ɗakin jarrabawa kowa yana murɗa hannu a iska, amma ka tambayi ɗayansu ko ya taɓa ganin wuta ta motsa wani abu ba tare da ta taɓa shi ba, sai ya ce a'a. Alhali abin da ake buƙata yana cikin gidajenmu. Ni da kamfas ɗin duba alƙibla nake farawa, da batirin babur, da ƙwan fitilar babur mai wat 35. Na ajiye kamfas a tabarma har allurarsa ta natsu, na miƙa waya a samansa ta bi tsawon allurar, kudu da arewa. Ina taɓa bakin batir, fitila ta kama, allura ta yi tsalle ta karkata gefe. Na juya wayoyin, ta karkata ɗaya gefen. Abin da Hans Christian Ørsted ya gani ke nan a Kofenhegen a 1820, daga nan aka san wuta da maganaɗisu 'yan gida ɗaya ne. Bayan yara sun gani da idonsu sai mu yi lissafi. Fitilar tana jan kusan amfiya 3. A tazarar santimita ɗaya daga wayar, fagen maganaɗisun ya kai maikrotesla 60, na ƙasa kuwa, wato na duniya da ke juya allurar kamfas, a yankinmu tsakanin 30 ne da 35. Na waya ya kusa ninka na ƙasa, dole allura ta bi shi. Ka ɗaga wayar sama kaɗan, allura ta fara komawa gida. Yanzu fomular da ke cewa fage yana raguwa da nisa ta zama abin da suka shaida.

Akwai wata tambaya da ke yawan fitowa ga masu shirin shiga jami'a da 'yan shekarar farko, ta sandar ƙarfe da ake ja a kan dogo biyu a cikin fagen maganaɗisu. Yara suna ƙinta, ni kuwa ina sonta ƙwarai, don duk sirrin janareta yana cikinta. A ce tsawon sandar rabin mita ne, fagen tesla 0.4, ana janta da gudun mita 5 a daƙiƙa. Ka ninka ukun nan, ka sami bolt 1. In turjiyar da'irar om 0.5 ce, amfiya 2 za su gudana. Yawancin ɗalibai a nan suke tsayawa su ja layi biyu. Amma sanda ce fa mai ɗauke da wuta a cikin fage, saboda haka fagen zai tura ta, da ƙarfin 0.4 sau 2 sau 0.5, wato niyuton 0.4. Ina zai tura ta? Baya, kishiyar inda kake janta. Wannan ita ce dokar da Heinrich Lenz ya bayyana a 1834. To, auna aikin da hannunka ke yi: niyuton 0.4 sau mita 5 a daƙiƙa, wat 2. Auna zafin da ke fita a turjiya: 2 sau 2 sau 0.5, wat 2. Ba ragi ba ƙari. Guminka ne ya zama wutar.

In na kawo nan nakan tambayi yara wa ke da janareta a gida ko a maƙwabta. Hannuwa su tashi. In ce, in aka jona dutsen guga, me kuke ji? Su ce injin yakan yi nishi, muryarsa ta sauka, sannan ya ƙara shan mai. To, nishin nan shi ne niyuton 0.4 ɗin da muka lissafa, an ninka shi. Da ka ƙara jan wuta, naɗin wayar da ke ciki ya ƙara yi wa injin gardama, dole ya ƙona ƙarin fetur kafin ya riƙe gudunsa. Yaro ya shekara goma yana jin wannan nishi, bai san dokar Lenz yake saurare ba.

Ina da guntun bututun jan ƙarfe da na karɓo wurin masu gyaran na'urar sanyaya ɗaki, da wani ƙaramin maganaɗisu mai ƙarfi da ke shiga cikinsa. Jan ƙarfe ba ya kama maganaɗisu, nakan bari kowa ya gwada ya tabbatar. In na saki tsakuwa a bututun, kafin ƙiftawar ido ta faɗo. In na saki maganaɗisun sai ya riƙa sauka a hankali kamar ana zura guga a rijiya. Wata yarinya, mai kunya ce ƙwarai, ba ta cika magana ba, ta karɓi bututun ta leƙa ta sama tana kallonsa yana sauka bai taɓa ko gefe ba. Ta ce, "Malam, in ba ya taɓa bututun, to me ke riƙe da shi?" Na ce ita za ta gaya mini. Ta tafi da tambayar gida. Bayan kwana biyu ta dawo da zane a takarda: maganaɗisu yana motsi, fage yana sauyawa a jikin bututu, wuta tana zagayawa a cikin jan ƙarfen, ita kuma tana haifar da nata fagen da ke tare shi. Ba ta rubuta fomula ko ɗaya ba, kuma babu abin da ta bari. Da muka zo lissafin daga baya, ita ta riga kowa.

Ba sabon abu ba ne hoto ya riga lissafi. Michael Faraday, wanda ya gano a 1831 cewa sauyin fagen maganaɗisu yana haifar da wuta, ɗan maƙeri ne a Ingila. Yana ɗan shekara 14 aka kai shi koyon ɗinkin littattafai, bai yi zurfi a lissafi ba har ƙarshen rayuwarsa. Zoben ƙarfe ya naɗe da waya biyu, ya ga allura tana motsi a lokacin jonawa da lokacin cirewa kawai, ba a tsakani ba. Layukan fage da muke zanawa a allo tunaninsa ne. Sai daga baya James Clerk Maxwell ya zo ya sa wa wannan tunani rigar lissafi. Georg Ohm kuwa, da ya wallafa dokarsa a 1827, malamin makaranta ne a birnin Kolon na Jamus, mahaifinsa maƙerin makullai, da kayan gwajin makarantarsa ya yi aikin. Nakan faɗa wa yara wannan don su san ilimin nan daga hannu ya fito kafin ya shiga littafi.

Zoben Faraday ɗin nan shi ne taransifomar da ke bakin layinmu. Wutar da ke fitowa daga Kainji, da aka kammala a 1968, ko Shiroro a kan kogin Kaduna, da ta fara aiki a 1990, ana ɗaga ta zuwa bolt 330,000 kafin a ɗora ta a manyan layuka, sannan a riƙa sauke ta mataki-mataki, 132,000, sai 33,000, sai 11,000, har ta iso 415 tsakanin layi da layi, kusan 240 a soket ɗin ɗaki. Kowane ɗalibi yana iya rera wannan jeri. Kaɗan ne za su iya gaya maka dalili. Zafin da ke ɓacewa a waya yana tafiya ne da karent, wato yawan amfiyar da ke gudana, sau kansa. In ka ɗauki ƙarfi iri ɗaya a 330,000 maimakon 11,000, karent ya ragu sau 30, asara kuma ta ragu sau 900. Wannan lissafin ne dai ke amfanar mai haɗa sola. Nauyin wat 1,200 a kan bolt 12 amfiya 100 yake ja, a kan bolt 48 kuwa amfiya 25. In turjiyar wayar om 0.01 ce, na farko yana ƙona wat 100 a banza, na biyu wat 6 da kwata. Wanda bai san wannan ba shi ne zai sa siririyar waya a tsarin bolt 12, ta yi zafi, roba ta narke, a wayi gari ana jajen gobara.

Maƙwabcina mai naɗin inji ne, bai wuce firamare ba. Duk lokacin da wuta ta yi kwanaki tana zuwa rabi-rabi, abin da mutane ke kira lo karent, shagonsa cika yake da sumo da injin firiji da suka ƙone. Ya san hakan kamar yunwar cikinsa, yakan ce wa mutane su kashe kayansu in fitila ta yi ja. Wata rana ya tambaye ni abin da ya daɗe yana ba shi mamaki: in wuta ta yi ƙasa, me ya sa inji ke ƙonewa, ai yawan wuta ya kamata ya ƙona abu? Na ce masa sunan ne ya yaudare mu. Abin da ya yi ƙasa boltej ne, wato turin. Inji mai juyawa yana haifar da nasa turin da ke ja da baya, shi ke taƙaita abin da yake sha. In boltej ya faɗi, inji ya kasa ɗaukar nauyinsa ya rage gudu, ko ya tsaya yana gurnani, wannan kariya ta tafi, karent ya hau, yakan kai ninki biyar ko shida na abin da aka gina shi a kai. Zafi kuma da ninkin ninki yake tafiya, wato sau 25 ko fiye. Ya ajiye filayar da ke hannunsa ya ce, "Shi ya sa wanda ya maƙale ya fi saurin toyewa." Shekara talatin yana ganin amsar, tambayar ce ba a taɓa warware masa ba. Na sha cewa a raina, da za a haɗa wannan mutum da 'yan ajina a ɗaki ɗaya na wata guda, kowa zai fita da abin da ba shi da shi.

Da Hausa na yi masa wannan bayani, da Hausa na yi wa yarinyar nan, da Hausa muka warware rigimar batir. Na san abin da wasu abokan aikina za su ce: WAEC da NECO da JAMB duk da Turanci ake rubuta su, jami'a ma haka. Gaskiya ne, ban kuma ce a jefar da Turanci ba. A zaurena, da zarar an fahimci abu, sai in ba da sunansa na littafi, a rubuta, a maimaita, a amsa tambaya da shi. Amma yaron da aka haɗa masa sabon tunani da baƙon harshe a lokaci ɗaya kaya biyu yake ɗauka, in ya gaji kuwa fahimta yake fara saukewa ya riƙe hadda, tunda ita ce ke ba da maki da wuri. In ka ce masa turjiya, ya san abin da ake nufi tun kafin ka gama, don ya taɓa jan akuya zuwa kasuwa. Saura kawai ka nuna masa yadda ake auna ta.

Saboda haka roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne ka ware ɗan gurbi a jaridarka, ko da sau biyu ne a wata, a riƙa kawo tambaya ɗaya ta lantarki ko maganaɗisu da Hausa, da zanenta, a bar masu karatu su gwada, a fito da warwara a fitowa ta gaba, mataki-mataki, tare da kurakuran da aka fi yi da dalilinsu. Kada a tsaya kan masu sauƙi. A kawo da'ira mai batir biyu da madauki uku, a kawo gada, a kawo dalilin da ya sa fankar sama ke gurnani ta ƙi tashi sai an tura ta da sanda in kafasitonta ya mutu. Malamai za su aiko, masu gyara ma za su aiko da abin da suke gani a shago ba su san dalilinsa ba, waɗannan kuwa su ne tambayoyin da suka fi daɗi. Ni a shirye nake in riƙa aiko da nawa ba tare da an biya ni ko kwabo ba, ina da littattafan rubutu shida cike da su.

In ka amince, ga ta farko. A sami ƙwan fitila biyu irin na da, masu zare a ciki, ɗaya wat 60, ɗaya wat 100, duka na bolt 240. Maimakon a jona kowanne da kansa yadda aka saba, a jera su bi da bi, wuta ta ratsa na farko sannan ta shiga na biyu, a ba su bolt 240. Wanne zai fi haske, kuma me ya sa? Wanda zai amsa ya fara nemo turjiyar kowanne daga abin da aka rubuta a jikinsa, ya zana da'irar, ya rubuta zatonsa a gefe kafin ya yi lissafi. Da alƙalami da takarda za a yi wannan, kada yaro ya je yana haɗa wayar soket da hannu. Zan aiko da warwarar a mako na biyu in Allah ya kai mu.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin fiziks,
Zariya, Jihar Kaduna.